Gadon jariri na dubu 420 ya haɗa ni faɗa da maigida

Assalamu alaikum Anti, don Allah a ɓoye sunana. Ina da ciki wata bakwai kuma na fari ne. Na ga wani gadon jariri a wani shago a nan Kano, fari tas ɗan waje, da dirowa a ƙasa, da labulen net a sama, da wata katanga mai laushi da aka zagaye cikinsa da ita, har da abin wasa mai juyawa yana kiɗa, dubu 420 suka ce min. Wallahi tun da na gan shi raina ya biya. Maigidana ma'aikaci ne, albashinsa bai kai dubu 200 ba kuma gidan haya muke. Da na nuna masa hoton sai cewa ya yi wannan ɓarnar kuɗi ce, shi dubu 70 zai iya bayarwa a je wajen kafinta. Ummanmu kuma ta ce mu duk a gefenta ta kwantar da mu ba abin da ya same mu. Ƙawayena biyu da suka haihu bara duk irinsa suka saya, ina jin kunyar a zo a ga nawa na kafinta ne. Ina da sarƙa da ɗan kunne na gwal, kuma zan ɗauki adashi ƙarshen wata, ina tunanin in sayar da gwal ɗin in haɗa in saya. Tun ranar dai gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Anti nawa ya kamata mutum ya kashe a gadon jariri, kuma laifi ne don ina so ɗana ya samu abu mai kyau?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya, ya sa mu ji alheri. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe tunda na san ita ta fi ci miki rai. Ba laifi ba ne ko kaɗan. Mace mai cikin fari da ta tsaya gaban gado tana hango ɗanta kwance a ciki, so ne ya tsayar da ita a wajen, kuma duk wadda ta taɓa ɗaukar ciki ta san wannan ɗokin. Amma tunda shawara kika nema ba lallashi ba, toh ga ta kai tsaye: kar ki sayar da gwal ɗinki, kar ki zuba adashinki a wannan gadon, ki bar musu abinsu a shagon. Ba wai don ɗanki bai kai ba, a'a, don shi gadon ne bai kai kuɗin ba, kuma akwai abubuwa a jikinsa da ko kyauta aka ba ki zan ce ki cire ki ajiye.

Mu fara da lissafi tukuna. Dubu 420 ya haura albashin maigidanki na wata biyu cur, ba ci ba sha ba kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, kinga kenan gadon nan albashin wani magidanci ne na wata shida. Kuma ke yanzu wata biyu ya rage miki ki shiga abin da ba wanda ya san yadda zai zo sai Allah. Muna roƙon haihuwa ta zo da sauƙi, amma mai hankali tana shirya wa ɗayan ɓangaren ma, a ce naƙuda ta yi tsawo likita ya ce sai an yi aiki, ko a ce ana buƙatar jini leda biyu, ko jaririn ya fito da shawara a ce sai an kwantar da shi ƙarƙashin fitilar nan kwana da kwanaki. Irin wannan kuɗin ba ya jiran ƙarshen wata, a tsaye ake nemansa, wani lokacin ma cikin dare. A ranar, sarƙar nan taki in aka kai ta wajen 'yan gwal kafin azahar ta zama kuɗi a hannu, kuma da yadda naira ta yi ta zubewa tun 2023 wadda ta riƙe gwal ita ta ci riba. Shi kuwa gado ranar da aka fito da shi daga shago ya rage daraja, in kika tashi sayarwa ko rabin kuɗinki da ƙyar ki gani, sannan ki yi ta jiran mai saye. Gwal ɗinki haƙƙinki ne, ba mai hana ki yin yadda kika so da shi, ni dai roƙonki nake ki bar shi ya zama garkuwarki ke da abin da ke cikinki.

Bayan asibiti kuma ga ragon suna, ga abincin mai jego, ga pampas da ba ya yankewa, ga sabulu da mai da kayan sawa da yaro ke fin ƙarfinsu duk bayan 'yan makonni, ga kuɗin haya da ba ruwansa da an yi haihuwa. Duk a kan albashin nan guda ɗaya.

Sannan akwai abin da ban ji kin sa a lissafinki ba. Haihuwar fari ce, kuma a yawancin gidajenmu mai haihuwar fari gida take tafiya wankan jego, ta yi arba'in, wasu ma har su zarce wata biyu ko uku. In haka tsarinku yake, toh a gidan Umma za a yi barka, a can za a yi taron suna, can ƙawayen naki za su same ki, shi kuwa gadon yana can ɗakinki a kulle yana shan ƙura. Ko da a ɗakinki kika zauna ma, ranar suna jariri ba ya kwanciya a gado, daga hannun wannan gwaggo sai hannun waccan inna har magariba. Ki shiga gidajen da aka haihu shekara ɗaya ko biyu da suka wuce ki leƙa gadon jaririn da aka saya da tsada, sau da yawa abin da za ki tarar a ciki wankakkun kaya ne da ba a ninke ba, da jakar pampas, da bargon da aka ajiye sai sanyi, yaron kuma yana can bayan uwarsa ko kan katifarta.

Amma fa kar ki ɗauka cewa nake kar a yi gado sam. A nan na ɗan saɓa da Umma, Allah ya ƙara mata lafiya, duk da maganarta akwai gaskiya a ciki, don jariri kusa da uwarsa ya kamata ya kwana ba a wani ɗaki ba. Abin da likitocin yara suka tsaya a kai, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sake jaddada shi a 2022, shi ne jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida na farko, amma a nasa makwancin daban, shimfiɗaɗɗe mai ɗan tauri, a rigingine, ba komai a ciki sai shi. Dalili kuwa akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci, lafiya lau aka kwantar da yaro a wayi gari babu shi, ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma kusan duka kafin wata shida take faruwa. A 1994 aka fara gangamin wayar da kai a Amurka cewa a daina kifa jarirai a riƙa kwantar da su a rigingine, cikin kamar shekara goma irin wannan mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Ba sabon gado aka raba wa mutane ba, kwanciyar kawai aka gyara. Na san iyayenmu za su ce ai in ya yi tumbuɗi a rigingine zai shaƙe. Lafiyayyen jariri yana juya kai ko ya haɗiye, kuma a rigingine hanyar numfashi ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, don haka abin da ya taso komawa yake inda ya fito. Kifa shi ki bari sai idonsa biyu kina zaune kina kallonsa, wannan yana ƙarfafa masa wuya.

Yanzu mu koma kan gadon da ya tafi da hankalinki. Katangar nan mai laushi da aka zagaye cikinsa da ita, wadda na tabbata ita ta fi ba ki sha'awa don tana sa gadon ya yi kamar na 'yar tsana, a Amurka doka ta hana yin ta da sayar da ita tun 2022, saboda jarirai na mirginawa su manna fuska a jiki su kasa janyewa, wasu kuma igiyoyin da ake ɗaure ta da su ne ke naɗe su. Haka ɗan filon nan mai zanen zuciya, da lallausan bargo mai kauri, da 'yar tsanar da ake jerawa a kusurwa, duk ba a so a gan su a makwancin yaron da bai shekara ba. Abin wasa mai juyawa ba laifi in yana can sama hannu ba ya kaiwa, amma da ya fara yunƙurin tashi da hannu da gwiwa, wajen wata biyar, shi ma cire shi ake. Toh ki cire katanga, ki cire filo, ki cire bargo, ki cire labulen ado, me ya rage? Katako huɗu da sanduna da katifa. Abin da kafinta zai yi miki kenan. Mafi yawan dubu 420 ɗin nan kuɗin ado ne da kuɗin kwantena da kwastan da hayar shago mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai dai shi ma kafintan ba a sakar masa aiki haka nan a ce yi min gadon jariri, don wani bai taɓa yi ba, zai ƙera miki ƙaramin gadon manya ne kawai. Ki ari tef ɗin awo wajen tela, ku je tare da maigidan, ku faɗa masa ƙa'ida baki da baki kuma a rubuta a takarda. Tsakanin sanda da sanda kar ya wuce santimita 6, wannan shi ne babba a duk maganar, don in ya fi haka jikin jariri na iya zurarewa ta tsakani kansa ya maƙale. In ya ce ai Hajiya sandunan za su yi yawa katako zai ƙaru, ki ce a ƙara, a nan ne kuɗi ke da amfani. Tsawo santimita 120 faɗi 60 ya isa, zai kai shi shekara biyu har da ɗoriya. A yi wa ƙasan gadon matakai biyu, na sama don lokacin da yake ɗan mitsitsi kar ki yi ta sunkuyo da ɗanyen jiki, na ƙasa kuma a sauke da zarar ya fara zama, kuma in an sauke, daga saman katifa zuwa bakin gadon kar ya gaza santimita 50. Kar a yi wa kusurwoyin nan huɗu ƙahonni ko ƙwallayen ado masu tsini sama, riga na iya sarƙewa a jiki. Kar a huda allon kai da na ƙafa da zanen fulawa ko tauraro da hannu ko kai zai iya shiga. A ɗaure da noti ba ƙusa ba, don a iya kwancewa in za ku tashi daga gidan hayar, kuma a iya ƙara ɗaurewa in ya saki. Katako na gaske za ku ce, busasshe, ba allon nan na garin katako da aka matse da gam ba, wanda da fitsari ko ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma abin takaici da yawan fararen gadajen shago masu ƙyalli da irin wannan allon aka yi su. In maigida na da lokaci ya shiga 'yan katako na Na'ibawa da kafintan su zaɓo da kansu, ya fi.

Ranar karɓa kar ki ji nauyin kowa. Ki kama gadon da hannu biyu ki girgiza shi da ƙarfi, in yana rawa ko yana ƙara a gyara. Ki bi kowace sanda da tafin hannu sama da ƙasa, in wani wuri ya karce ki toh fatar jariri ta fi taki laushi. Ki sa tef ki auna tsakanin sandunan ɗaya bayan ɗaya, har na kusa da kusurwa, don a nan aka fi samun wanda ya buɗe.

Fenti ma abin dubawa ne. Yaro in ya fara haƙori bakin gadon nan zai kama ya yi ta gurgura. Bincike ya sha gano dalma a wasu fentin mai da ake sayarwa a kasuwanninmu, musamman masu launin rawaya da ja, kuma mu a arewa mun san abin da dalma ke yi wa yara, ba mu manta da Zamfara a 2010 ba inda yara sama da 400 suka rasu, duk da can daga niƙan duwatsun zinare ta fito ba daga fenti ba. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ki ce a goge katakon ya yi sumul a bar shi haka, ko a shafa fentin ruwa, kuma a ba da aikin tun yanzu don ya samu makonni yana shan iska a inuwa warin ya fita kafin mai shi ya iso.

Inda zan ce kar ki yi ƙoro shi ne katifa. Sabuwa za ki saya ko da gadon aro ne, mai tauri, wadda in kika danna tafin hannu kika ɗaga take dawowa nan take ba ta bar rami ba. A yanka ta daidai cikin gadon, in yatsunki sama da biyu suka shige tsakanin katifa da katako toh ta yi kaɗan, a sake. A cire ledar da ta zo da ita daga kamfani, na san muna son barin leda don kar katifa ta yi datti amma siririyar leda da fuskar jariri ba sa haɗuwa, a ɗinka mata riga mai hana ruwa shiga wadda ta kama ta tsam, sai zanin gado mai roba a baki guda biyu ko uku. Shi kenan shimfiɗar.

In kuma a dangi akwai wadda ta yaye ta ajiye nata, karɓi ki gode, ba abin kunya ba ne, ki dai yi masa wancan gwajin. Na gwanjo ma ana dacewa da mai kyau, sai dai ki kula da irin wanda gefe ɗaya ke zamewa ƙasa a kuma ja shi sama. Yana da daɗin ɗaukar yaro, amma an hana sayar da shi a Amurka tun watan Yunin 2011 bayan jarirai sama da 30 sun mutu cikin kamar shekara goma, don ƙarfen da ke riƙe gefen na saki ya buɗe rami tsakanin katifa da sanduna yaro ya faɗa ya maƙale. Abin da aka hana a can ba wuya ki gan shi a kasuwa a nan an wanke an goge. In an ba ki irinsa, kafinta ya ɗaure gefen ya mutu gaba ɗaya, in ba zai ɗauru ba a haƙura da shi.

Wani abin da ya fi gadon kansa muhimmanci a ƙasar nan shi ne gidan sauro. Rahoton hukumar lafiya ta duniya na nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya a Najeriya suke, kuma yawancin waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Labulen net ɗin da ke saman gadon shagon na ado ne, ba magani a jikinsa, gabansa a buɗe, sauro zai shiga ya fita yadda ya ga dama. Mai magani ake so, irin wanda ake rabawa a wajen awo a asibitocin gwamnati in akwai, in babu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin amfani, a ɗaure shi ya miƙe sosai a cusa bakinsa ta yadda ba zai zubo kan fuskar yaro ba. Ke ma tun yanzu a cikinsa ya kamata ki riƙa kwana, kuma kar ki yi wasa da maganin kariyar zazzaɓin da ake ba masu ciki a wajen awo.

Don ki ƙara samun natsuwa, ƙasar Finlan da ke cikin ƙasashen da jarirai suka fi rayuwa a duniya, tun 1938 gwamnatinsu ke ba masu ciki wani kwali cike da kayan jarirai, daga 1949 aka mayar da shi na kowace uwa, mai kuɗi da talaka, a ƙasan kwalin akwai 'yar katifa, kuma jarirai da yawa a cikin wannan kwalin suka yi barcinsu na farko. Sharaɗin samunsa shi ne mace ta je awo tun cikin yana ƙarami. Ki duba inda suka sa ƙarfinsu, a awo da asibiti, makwancin kuwa kwali.

Toh nawa za a kashe? Ni a ganina ba a fara maganar gado sai an ware kuɗin haihuwa an ajiye inda ba mai taɓawa, har da na ko-ta-kwana. Ki tambaya a asibitin da kike awo nawa suke karɓa in haihuwa ta zo da kanta, nawa in aiki ne, ki sa babban a lissafi. Adashinki can ya kamata ya tafi. Bayan nan abin da za a iya fitarwa daga albashin wata ɗaya ba tare da an ci bashi ko an taɓa kuɗin cefane ba, shi ne kuɗin gado, daidai ruwa daidai tsaki. A gidanku dubu 70 ɗin da ya faɗa ba rowa ba ce, ya fi kashi ɗaya cikin uku na albashinsa fa. Ku ji farashi wajen kafinta biyu ko uku tunda katako kullum tashi yake, in bai isa har da katifa ba ki cika ɗan abin da ya rage daga adashin, ko ki bari 'yan uwa masu tambayar me za mu kawo ki ce musu katifa da zanin gado, ya fi a tara miki shawul goma. In ma abin ya matse, ba dole sai gadon ya riga jaririn zuwa ba, ƙaramar katifa mai tauri a gefen taki cikin gidan sauro ta wadatar a watannin farko kafin ya fara mirginawa.

Kuma na san ko da gadon, akwai daren da za ki ɗauko shi ki ba shi nono barci ya sace ki yana jikinki, ba uwar da hakan bai taɓa samu ba. Don haka ki gyara naki gadon ma, filo da bargo su yi nesa da shi, kar a sa shi tsakaninki da bango inda akwai rami, kar wani yaro ya kwanta kusa da shi. Abin da ba a so sam shi ne barci da jariri a kan kujerar falo, wannan ya fi komai haɗari. Haka in an ba ki magani mai sa barci, ko akwai mai shan sigari a shimfiɗar, ko jaririn bakwaini ne ko ya zo da ƙaramin nauyi, toh lallai a mayar da shi makwancinsa. A gidan wanka kuma ki lallaɓa Umma cikin ladabi, kar a naɗe shi da kaya hawa-hawa har ya riƙa jiƙewa da gumi, kar a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, turaren wuta ma a yi shi yaron na wani ɗakin sai hayaƙin ya lafa. Kafur ɗin nan da muke jefawa cikin akwatin kaya kuwa kar ya kusanci kayansa ko dirowarsa, likitocinmu sun daɗe suna gargaɗi a kai don akwai jariran da yake fasa wa ƙwayoyin jini ya jawo musu shawara mai tsanani.

Sai maganar maigida, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Ina jin ba ƙin sayen ne ya fi ƙona miki rai ba, kalmar ɓarna ce, kin kawo masa abin da kike ta mafarki a kai ya watsa miki ruwan sanyi da kalma ɗaya. Bai kyauta lafazi ba, kuma in yana karanta wannan, malam, mai ciki wata bakwai ba a yi mata magana haka, da ka ce yana da kyau wallahi amma ƙarfina bai kai ba, da ba a kai nan ba. Amma ke ma ki duba ta ɓangarensa. Mutumin da bai ce babu ba, ya ce ga abin da zan iya, mai yiwuwa shi ma kwana yake yana juyi da lissafin asibiti da rago da haya bai faɗa miki ba, maza da yawa tsoronsu da faɗa yake fitowa. Allah da kansa a Suratu Ɗalaƙ ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Kar ki bari gado ya sa ki shiga ɗakin haihuwa kuna gaba da mutumin da zai tsaya a bakin ƙofa yana miki addu'a. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ce masa kin haƙura da wancan, amma kalmar da ya faɗa ta yi miki ciwo, faɗi ɗaya ba tare da tono-tono ba. Sannan ki ɗauko takarda ku rubuta duk abin da ke gabanku daga nan zuwa arba'in ku sa kuɗi a gaban kowanne, ki nuna masa awon da za a ba kafinta, ki ce kina so ku je tare ki zaɓi fasalin da kanki. Ina kyautata zaton zai sauko fiye da yadda kike tsammani.

Ƙawaye kuwa, ba ki san yadda suka sayi nasu ba, wata mijinta na da hali, wata kyauta aka yi mata, wata kuma har yau ba ta gama biyan bashin ba, hoto ba ya nuna wannan. Wadda za ta shigo ɗakin mai jego ta bar kallon jariri ta tsaya duba ko gadon ɗan waje ne, ra'ayinta bai kai ki rabu da sarƙarki ba. In kina son ɗakin ya yi kyau, kuma ya kamata ya yi, zanin gado mai launi mai daɗi da labulen taga sabo da tsafta sun isa, ki sa adon a bango da taga inda hannunsa ba ya kaiwa, cikin gadon dai a bar shi wayam.

A awonki na gaba ki tambayi nas kuɗin haihuwar da jerin kayan da suke so ki zo da su, ki tambaye ta man cibiya na chlorhexidine da allurar rigakafin da ake yi wa jariri ranar haihuwa, kuma ku san wanda zai ba da jini da motar da za ta kai ki in abin ya zo cikin dare. Takardar kafinta kuma a kai ta cikin satin nan don fentin ya samu bushewa. Allah ya sauke ki lafiya ƙanwata, ya raya abin da za ki haifa, ya daidaita tsakaninki da maigidanki. In an sauka a aiko mana da labari.